Wane Wili da Wace Taya Suka Dace da A-kori-kurar da Aka Ɗaga wa Gaba?

Motar a-kori-kura tana fitowa daga kamfani ne bayanta ya ɗan fi gabanta tsayi, kuma da gangan aka yi hakan, domin idan aka ɗora mata kaya ko aka ɗaura mata tirela, bayan ya sauka, motar ta daidaita. Masu irin wannan mota da yawa ba sa son ganin wannan durƙuson, saboda haka sukan sa a ɗaga gaban da inci ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, ko dai ta hanyar ɗora zoben ƙarfe a saman shakazoba, ko kuma a sauya shakazobar dungurungum da wadda ta fi tsawo. Da zarar an gama, sai tayoyin asali su zama kamar sun ƙanƙance a cikin raminsu, daga nan kuma sai mai mota ya shiga ruɗani: a bar wilin kamfani a sauya taya kawai, ko a sayi sabon wili? Taya mai tsayin inci 33 ko 35? Wili mai inci 17 ko 20?

Kafin a shiga kwatance, akwai abu ɗaya da nake so mai karatu ya riƙe, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Ɗaga gaban mota yana ƙara sarari ne a saman taya lokacin da motar take tsaye, amma bai faɗaɗa ramin tayar ba. Bamba tana nan inda take, bangon da ke bayan taya yana nan inda yake, haka ma hannun sama da ke riƙe da ƙafar motar. Taya kuwa ba a tsaye take gogar jikin mota ba, tana goga ne sa'ad da aka karya sitiyari har ƙarshe, ko aka faɗa rami ƙafar ta matse sama. Don haka faɗin taya da inda wili ya zaunar da ita sun fi tsayinta yanke hukunci a kan ko za ta shiga lafiya ko za ta riƙa cin jikin motar.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Na farko shi ne ko wilin zai hau motar ma tukuna. Kowace mota tana da tsarin ramukan notinta, wanda ake rubutawa da lamba biyu: yawan ramukan, da faɗin da'irar da suke kai a milimita. Ford F-150 tun daga 2004 tana amfani da 6x135. Chevrolet Silverado 1500 da GMC Sierra 1500 suna amfani da 6x139.7, haka ma Ford Ranger ta zamani da Toyota Hilux mai ja da ƙafa huɗu. Ram 1500 ta daɗe a kan 5x139.7, sai sabon samfurin 2019 ya koma 6x139.7, ita kuma Toyota Tundra ta yi amfani da 5x150 daga 2007 zuwa 2021 kafin ta koma 6x139.7. Amma daidaituwar ramukan noti kaɗai ba ta isa ba, domin akwai ramin tsakiya wanda ke zama a kan cibiyar ƙafa. Na Silverado milimita 78.1 ne, na F-150 87.1, na Ranger 93.1, na Hilux kuwa 106.1. Wannan ne ya sa wilin Silverado ba zai shiga Hilux ba duk da cewa ramukan notinsu ɗaya ne. Idan ramin wilin ya fi cibiyar girma, ana cike giɓin da zobe. Idan ya fi ta ƙanƙanta, to magana ta ƙare.

Na biyu shi ne ofset, kuma a nan ne mafi yawan kuɗin mutane ke salwanta. Ofset shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke manne da cibiyar ƙafa, ana auna shi da milimita. Idan lambar tana da alamar tarawa, wilin yana shigewa ciki ƙarƙashin mota. Idan sifili ce, fuskar tana tsakiya daidai. Idan kuma tana da alamar ragewa, wilin yana turowa waje. Kamfanoni sukan shigar da wilinsu ciki sosai: F-150 tana zuwa da +44, Ranger da +55, Hilux da wajen +30. Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki F-150 mai wili inci 8.5 a faɗi da +44. Idan aka sa mata mai inci 9 da +18, bakin wilin zai turo waje da kusan milimita 32. Idan ofset ɗin sifili ne, milimita 50. Idan -12 ne, 62. Wili mai inci 10 da -24 kuwa zai fito da wajen milimita 87. Abin lura shi ne, duk yadda taya ta ƙara turowa waje, haka da'irar da take zanawa idan ana juya sitiyari take ƙara faɗi, sai gefenta ya riƙa kai wa bamba a gaba da bangon ramin a baya. Mutane da yawa suna zaton turo wili waje yana magance guga. Gaskiyar ita ce yana nisanta tayar daga hannun sama, amma yana kusanta ta da jikin motar.

Na uku shi ne girman tayar na haƙiƙa. Lamba irin 275/65R18 tana nufin faɗin milimita 275, tsayin kumatun tayar, wato robar gefenta, kashi 65 cikin ɗari na wannan faɗin, sai wili mai inci 18. Idan aka haɗa, tsayinta gaba ɗaya wajen milimita 815 ne, wato inci 32. Da wannan lissafi 285/70R17 tana ba da inci 32.7, 275/60R20 inci 33, 275/70R18 inci 33.2, 295/70R18 inci 34.3, sai 315/70R17 inci 34.4, wadda ake kira 35 a bakin masu sayarwa. Tayoyi biyu masu lamba ɗaya daga kamfanoni daban-daban suna iya bambanta da 'yan milimitoci, musamman a kafaɗa, kuma a ramin da ya riga ya matse, waɗannan 'yan milimitocin su ne bambancin shiru da ƙara.

Sauran ma'aunan su ne ƙarfin ɗaukar kaya, nauyi, farashi, ƙarko, sauƙin aikin ɗaurawa, da haɗarin da zaɓin ke jawo wa birki, boris da sitiyari. Za su fito a ƙarƙashin kowane zaɓi. Misalan girma da zan bayar na manyan a-kori-kura ne irin su F-150, Silverado da Ram 1500, waɗanda ke zuwa da taya mai wajen inci 32. Mai Hilux ko Ranger, wanda tayarsa ta asali takan kasance 265/65R17 mai inci 30.6, sai ya sauko da mataki ɗaya: a wurinsa 265/70R17 mai inci 31.6 ita ce ƙarin da ba ya kawo rigima, 285/70R17 kuwa ta riga ta zama babban aiki mai buƙatar yanka.

Zaɓi na farko: wilin kamfani da taya mai inci 33

Wannan shi ne mafi araha nesa ba kusa ba, tun da taya kawai za a saya. Notin asali, na'urar auna iska da ke cikin wili, da ramin tsakiya duk suna nan yadda injiniyoyin motar suka tsara su. Wilin kamfani kuma an gwada shi a kan nauyin wannan motar takamaimai, abin da ba kowane wilin kasuwa ne zai iya tinƙaho da shi ba. A wili mai inci 18 ana sa 275/70R18, a mai inci 20 kuma 275/60R20, kuma a mafi yawan manyan motocin da aka ɗaga da inci biyu waɗannan suna shiga ba tare da an taɓa komai ba.

Iyakarsa ita ce faɗi. Da yake wilin kamfani yana shigewa ciki, taya mai faɗin 295 ko 305 tana iya matsowa dab da hannun sama, har ya zama yatsa ba ya shiga tsakaninsu. Wasu sukan magance wannan da faifan da ake sakawa tsakanin wili da cibiya domin ya turo shi waje. Idan faifan mai inganci ne, mai zama a kan cibiya, mai nasa notin, kuma an ɗaure shi da awo, yana aiki; amma ya ƙara wurin da zai iya kwancewa, kuma a wasu ƙasashe doka ba ta yarda da shi ba. A ganina wanda ya kai ga buƙatar faifai ya riga ya kai ga buƙatar sabon wili. Ta fuskar kyan gani kuwa, motar za ta cika raminta, amma ba za ta yi faɗin ƙirjin da wasu ke nema ba.

Zaɓi na biyu: sabon wili inci 17 ko 18, ofset daga +18 zuwa sifili, da taya mai inci 33

A nan nake so in daɗe, domin shi ne zaɓin da nake ganin ya fi dacewa da mafi yawan mutane. Wili mai faɗin inci 8.5 ko 9 da ofset tsakanin +18 da sifili yana kawo tayar daidai bakin fenda ko ta ɗan leƙo kaɗan, ya nisanta ta daga hannun sama, ba tare da ya jefa ta cikin bamba ba. Da 285/70R17 ko 275/70R18, abin da akan yi bai wuce cire robar tare taɓo ko ɗan datse gefen robar da ke lulluɓe cikin ramin ba, wani lokaci ma ba a taɓa komai.

Fa'idar ƙaramin wili tana cikin kumatun taya. A 285/70R17 tsayin roba tsakanin wili da ƙasa kusan milimita 200 ne, alhali a 275/60R20 milimita 165 ne. Wannan ƙarin robar ita ce ke shanye duka idan aka faɗa rami, ita ke kare bakin wili daga dutse, kuma ita ke ba da damar rage iska a cikin yashi ko tsakuwa domin tayar ta shimfiɗu ta kama ƙasa. Ba banza ba Ford take fitar da F-150 Raptor, motar da ta ƙera domin gudu a hamada, da 315/70R17 a kan wili mai inci 17. Haka kuma tayar wili mai inci 17 takan fi takwararta ta wili mai inci 20 araha, kuma nau'o'inta sun fi yawa, abin da zai yi daɗi duk lokacin da aka zo sauyawa. Sharaɗi ɗaya shi ne a gwada wilin a ƙafar gaba kafin a ɗora masa taya, a tabbata bai taɓa kan birki ba, domin wasu motocin masu babban birki ba sa karɓar kowane wili mai inci 17.

Kuɗinsa ya ɗara na zaɓin farko sosai, kuma akwai ƙananan kashe-kashe da ba a cika lissafawa ba. Wilin kasuwa yawanci yana buƙatar noti mai tsinin kai na digiri 60, alhali wilin alminiyom na Toyota, alal misali, yana amfani da noti mai shimfiɗaɗɗen mazauni da wasa. Ɗaura notin da bai dace da mazauninsa ba yana cikin dalilan da ke sa ƙafa ta kwance a kan hanya. Akwai kuma na'urar auna iska, wadda ko dai a ciro ta daga tsohon wili ko a sayi sabuwa a haɗa ta da kwamfutar mota.

Game da ƙirar wilin kansa, iri huɗu ne a kasuwa. Na baƙin ƙarfe ya fi araha kuma ya fi nauyi. Yana tsatsa, amma idan ya bugu lanƙwasawa yake yi, ana iya miƙe shi a ci gaba da tafiya. Na alminiyom ɗin zubi shi ne ya cika kasuwa, farashinsa matsakaici, sai dai idan dukan ya yi tsanani tsagewa yake yi. Akwai wanda ake zubawa sannan a murza gangar jikinsa da zafi, ya fi na zubi sauƙin nauyi a kan ƙarin kuɗi kaɗan. Na ƙarshe shi ne na ƙira, wanda ake matsa curin alminiyom da ƙarfi har ya ɗauki siffa. Ya fi duka ƙarfi da rashin nauyi, amma kuɗinsa yakan ninka na zubi. Ga aikin yau da kullum na zubi mai kyau ya wadatar, muddin an buga nauyin da zai iya ɗauka a bayansa. A duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, a ga iyakar nauyin da aka yarda ƙafafun baya su ɗauka, a raba biyu. Wilin da lambarsa ba ta kai wannan ba, komai kyansa, a bar shi. Alamun gwaji irin su JWL da VIA na Japan, ko SAE J2530 na Amurka, suna ƙara natsuwa. Wilin da ba shi da sunan maƙeri ko lambar nauyi kuwa, araha ce da ba ta ado.

Zaɓi na uku: wili inci 20 mai faɗi da ke turowa waje

Wannan zaɓin kwalliya ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya so motarsa ta yi kwarjini. Wili 20x10, wato inci 20 mai faɗin inci 10, mai ofset -18 ko -24, da taya 33x12.50, wato tsayin inci 33 da faɗin inci 12.5, yana ba mota faɗin da ake hangowa daga nesa. Amma ya kamata a san abin da ake biya bayan kuɗin saye. Guga a nan kusan tabbas ce, kuma takan wuce roba ta kai ga ƙarfe. Tayar da ta fito daga ƙarƙashin fenda tana watsa tsakuwa da taɓo a jikin ƙofofi har fenti ya fara ɓarewa. Nauyin motar kuma ya koma can nesa da boris, kamar mutumin da ya ɗauki bokitin ruwa ya miƙe hannu, saboda haka boris, mahaɗan ƙafa da sandunan sitiyari suna saurin gajiya. Direba zai ji sitiyari yana fizga idan taya ɗaya ta bugi rami, motar kuma tana bin duk wani kwari da ke kan kwalta.

Akwai kuma doka. A ƙasashe da dama, ciki har da Jamus da Ostireliya, da wasu jihohin Amurka, dole ne fenda ta rufe zanen taya, don haka mai wannan zaɓi zai iya buƙatar ƙarin baki a fendarsa kafin motar ta halatta a kan titi. Wanda yake son inci 20 saboda kwalta yake bi, yana iya samun mafi yawan kyan ba tare da wannan wahala ba idan ya tsaya a 20x9 mai +18 ko sifili da 275/60R20.

Zaɓi na huɗu: taya mai inci 35

Tana yiwuwa a wasu manyan motocin da aka ɗaga da inci biyu zuwa biyu da rabi, amma da sharuɗɗa, kuma duk wanda ya ce tana shiga kowace mota salin-alin bai karya sitiyari a kan gangara ba. Ana buƙatar ofset da aka zaɓa da kyau, yawanci mai alamar tarawa, da datse roba, sau da yawa har da ƙarfe. A F-150 ta 2015 zuwa sama akwai sandunan ƙarfe a cikin ramin tayar gaba waɗanda aka sa domin hana ƙafa kutsawa wurin zaman mutane idan aka yi karo ta gefe ɗaya na gaba. Babbar taya takan goge su, wasu kuma sai su yanke su. Ba na ba kowa wannan shawara. Tsayin inci ɗaya bai kai darajar ƙafafun wanda ke zaune a gaba ba.

Sai batun nauyi da giya. Tayar asali takan yi wajen kilo 18, ita kuwa 35x12.50 mai kauri tana kaiwa kilo 30 ko fiye, kuma nauyi ne mai juyawa wanda inji zai tayar, birki ya tsayar. Ƙarin tsayin yana sauya lissafin giya: motar da giyar ƙafafunta na baya take da lissafin 3.55, idan ta tashi daga inci 32 zuwa 35, za ta koma kamar mai 3.25. Tashi zai yi nauyi, giya za ta riƙa neman sauka a kan hawa, shan mai ya ƙaru, nisan tsayawa ma ya ƙaru. Agogon gudu zai riƙa rage gaskiya da kusan kashi 9 cikin ɗari, wato idan ya nuna 100, motar tana wajen kilomita 109 a awa, alhali da 275/70R18 bambancin bai wuce kashi 3 da ɗoriya ba. Ana iya gyara wannan a kwamfutar mota, kuma ya kamata a gyara, tun da canjin giya da wasu na'urorin tsaro suna dogara da wannan lissafi. Safaya ma matsala ce, domin babbar taya ba lallai ta shiga mazauninta na ƙarƙashin mota ba, kuma a mota mai ja da ƙafa huɗu bai dace a haɗa tayoyi masu tsayi daban-daban ba. Wanda zai sayi 35 ya yi lissafin taya biyar.

Abin da ake samu a madadin duk wannan shi ne ƙarin tazara tsakanin cikin mota da ƙasa, wajen inci ɗaya a kan abin da 33 ke bayarwa. Ga mai ratsa duwatsu da zurfafan kwaruruka wannan incin yana da daraja. Ga wanda ba ya sauka daga kwalta, kwalliyar ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

| Zaɓi | Farashi | Ƙarko | Sauƙin ɗaurawa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Wilin kamfani, taya 33 | Mafi ƙanƙanta | Mai kyau ƙwarai | Mafi sauƙi | Kaɗan, sai in tayar ta yi faɗi |
| Wili 17 ko 18, +18 zuwa 0, taya 33 | Matsakaici | Mai kyau ƙwarai | Ɗan datse roba | Kaɗan |
| Wili 20x10 mai turowa waje | Mai yawa | Boris da fenti na wahala | Yanka roba, wataƙila da ƙarfe | Guga, doka, fizgar sitiyari |
| Taya 35 | Mafi yawa | Birki da giya na wahala | Yanka da gyaran kwamfuta | Nisan tsayawa, shan mai |

Zane da kaurin taya

Bayan an tsayar da girma, sai zane. Tayar kwalta, mai alamar H/T irin Michelin Defender LTX, ta fi shiru, ta fi daɗewa kafin ta suɗe, ta fi tsimin mai. Ta ko'ina-da-ko'ina, mai alamar A/T irin BFGoodrich All-Terrain T/A KO2, Falken Wildpeak ko Toyo Open Country A/T III, ita ce ta raba gardama ga mai haɗa kwalta da hanyar ƙasa. Ta taɓo, mai alamar M/T irin BFGoodrich KM3, ba ta da na biyu a cikin laka, amma tana kuka a kan kwalta, kukan kuma yana ƙaruwa yayin da take cinyewa, sannan ba ta kama jiƙaƙƙen titi kamar sauran. Tsakanin biyun nan na ƙarshe akwai irin su Nitto Ridge Grappler. A tuna cewa manyan haƙoran da ke kafaɗar tayar taɓo su ne ke fara kai wa jikin mota, saboda haka girman da ya shiga da A/T yana iya ƙin shiga da M/T.

Kauri kuwa wuri ne da ake yawan wuce gona da iri. Taya mai harafin LT a gaban lambarta an yi ta ne domin kaya, kuma tana da matakai: C, D da E, waɗanda ake kwatantawa da ninki 6, 8 da 10. Mutane sukan ruga ga E da tunanin ita ce mafi kyau, alhali a motar da galibi ba ta ɗauke da komai, E tana ƙara nauyi da tauri ne kawai, kowane ɗan tudu sai an ji shi a ƙugu. C ta ishi mai yawon daji da kaya kaɗan, E kuma ta mai jan tirela ce da mai lodi kullum. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce lambar ɗaukar nauyin sabuwar taya kada ta gaza ta asali: 115 tana nufin kilo 1,215 ga kowace taya, 121 kuma kilo 1,450. Wanda ya koma LT daga tayar asali irin ta ƙananan motoci ya sani cewa tana buƙatar iska fiye da abin da aka rubuta a jikin ƙofa kafin ta ɗauki nauyi ɗaya, don haka a nemi jadawalin iska na kamfanin tayar. A kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin DOT da ke kumatun taya: 2324 tana nufin mako na 23 na shekarar 2024. Tayar da ta shekara biyar a ɗakin ajiya ta riga ta ci wani ɓangare na rayuwarta ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Gwajin da ya kamata a yi kafin a biya

Gani ya kori ji. A ɗora taya ɗaya a wili ɗaya, a ɗaura a gaba, a sauke motar daga jak, a ɗan gangara da ita gaba da baya domin ƙafar ta zauna. Sannan a karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a zura hannu ta gaba wajen bamba, ta baya wajen bango, da ta ciki wajen hannun sama. Daga nan a ja da baya a hau wani ɗan tudu a karkace, sitiyari a karye, domin a nan ne guga ke bayyana. Na taɓa durƙusawa a gefen wata mota da aka tabbatar wa mai ita cewa tayoyinta ba sa taɓa komai, sai na ga wani wuri kamar faɗin tafin hannu a baƙar robar cikin ramin ya yi sumul yana ƙyalli, ga ɗan garin roba a ƙasansa. Mai motar bai taɓa jin ƙara ba saboda rediyo, amma tayar ta yi makonni tana lasar wurin. Irin wannan alamar ake nema bayan kwana biyu ko uku da fara hawa.

Ɗaga gaba yana sauya tsayuwar ƙafafu, saboda haka dole a kai motar a saita su, in ba haka ba sababbin tayoyin za su cinye ta gefe ɗaya cikin 'yan watanni. A ɗaure noti da sifana mai awo bisa adadin da littafin motar ya faɗa, a sake bin su bayan kilomita 80 zuwa 160, domin sabon wili yana ɗan zama bayan tafiyar farko.

Wane ne ya dace da wanne

Wanda motarsa ta zuwa aiki ce da ɗaukar iyali, kuma abin da ya dame shi kawai shi ne ramin da ya yi fayau bayan ɗagawa, ya bar wilinsa na kamfani ya sa 275/70R18 ko 275/60R20, H/T ko A/T mara kauri. Mai jan tirela ko ɗaukar lodi akai-akai shi ma ya tsaya kusa da girman asali da ofset na asali, ya zaɓi LT mai matakin D ko E, ya kuma tuna cewa motar da aka daidaita ba kaya, idan aka ɗora mata kaya bayanta zai sauka ƙasa da gaba, fitilunta su ɗaga sama su shiga idon masu tahowa, don haka a sake saita su.

Mai raba tafiyarsa tsakanin kwalta da hanyar gona, tsakuwa ko yashi, ya ɗauki wili 17x8.5 ko 18x9 mai ofset tsakanin +18 da sifili da A/T mai inci 33, matakin C idan ba ya lodi mai nauyi. Mai son kyan inci 20 ya tsaya a faɗin inci 9, ya guji ofset mai alamar ragewa, sai fa idan ya amince da sauya boris kafin lokaci kuma dokar inda yake ta ba shi dama. Inci 35 kuwa na bar ta ga wanda yake shiga wuraren da cikin motarsa ke taɓa ƙasa da 33, wanda kuma ya tanadi kuɗin taya biyar, gyaran kwamfuta, da wataƙila sauya giyar ƙafafu; irin wannan mutumin ma zai fi samun biyan buƙata idan ya ɗaga motar gaba da baya da cikakken kayan ɗagawa, maimakon ya tilasta wa babbar taya zama a ramin da aka ƙara wa inci biyu kacal.